Darasi Kan Lafiyar Iyali: Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Ciwon Zuciya

Darasinmu na wannan fitowa a kan zuciyar yara yake. Da yawa cikinmu mun ɗauka ciwon zuciya na tsofaffi ne, da masu ƙiba, da manyan 'yan kasuwa waɗanda hawan jini ya kama. Ba haka ba ne. Akwai wani irin ciwon zuciya wanda ya fi bin 'ya'yan talakawa, yana kuwa kama su tun suna 'yan firamare. Mafarinsa ƙaramin abu ne wanda kowace uwa ta sani, watau ciwon maƙogwaro. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. A karanta a hankali, a riƙa tsayawa ana tambaya.

Za mu ɗauki misalinmu daga Tudun Wada ta birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, gama da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ɗa ko 'ya a irin waɗannan unguwanni. Tudun Wada tana maƙwabtaka da masana'antun Bompai, da Gwagwarwa, da Gama. Unguwa ce ta ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i da 'yan cin rani. A gidan haya ɗaya za ka iske iyali da dama, kowanne da ɗakinsa guda, tsakar gida ɗaya, bayan gida ɗaya. Da dare yara biyar ko shida su kwanta kan tabarma ɗaya, fuska da fuska. In hunturu ya shigo a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Tafiya kaɗan daga nan sai ga unguwar gwamnati ta Nassarawa, inda gidaje ke da fili da itatuwa, yara kuma kowa da gadonsa. Iska ɗaya suke shaƙa, rana ɗaya ke dukansu, amma cutar da za mu yi magana a kanta ta fi samun wurin zama inda aka cunkushe. Abin da ya shafi Tudun Wada ya shafi zauren almajirai, da ɗakin kwanan 'yan makarantar kwana, da ɗakin ƙauye inda yara ke taruwa kusa da wuta lokacin sanyi.

YADDA ZUCIYA KE AIKI

Zuciya famfo ce ta tsoka, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna 4 da ƙofofi 4. Kowace ƙofa tana da marfi mai laushi wanda ke buɗewa jini ya wuce, sa'an nan ya rufe don kada jinin ya komo baya. Wanda ya taɓa kwance famfon tuƙa-tuƙa ya san wannan. In robar da ke ciki ta cinye, sai ka yi ta tuƙawa, gumi na zuba, ruwa kuwa kaɗan ke fitowa. Haka zuciya take in marfinta ya lalace. Bambancin shi ne famfo kana iya barinsa ya huta, amma zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, ta yaro ma fiye da haka, ba ta da ranar hutu.

Yanzu ga yadda marfin ke lalacewa. Akwai wata ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani, likitoci suna kiranta sitireptokokas. Tana bin tari da atishawa da yawu daga yaro zuwa yaro, ta sauka a maƙogwaro. Takan shiga kuma ta ƙurajen fata masu ruwa. Jiki yana da dakarunsa cikin jini, sai su tashi su yaƙe ta, bayan kwana uku zuwa biyar maƙogwaro ya warke ko da ba a sha kome ba. Uwa ta ce an gode, ciwo ya wuce. Ga yawancin yara kuwa ya wuce ɗin. Amma ga waɗansu kaɗan, kamar 3 cikin 100 ko ƙasa da haka, dakarun nan sukan ruɗe. Jikin ƙwayar cutar yana kama da naman marfin zuciya da na gaɓoɓi, sai su juya su far wa jikin yaron da kansa. Kamar karen gida ne da aka cuna wa ɓarawo, ɓarawo ya tsere, kare ya dawo ya ciji maigida domin rigarsu iri ɗaya ce.

Wannan faɗa na biyu shi ne likitoci ke kira zazzaɓin rumatik. Mu a nan za mu ce zazzaɓin gaɓoɓi. Ya fi kama yara daga shekara 5 zuwa 15. Abin da ya sa yake yaudarar mutane shi ne ba ya zuwa nan da nan. Sai an yi mako biyu ko uku da warkewar maƙogwaro. Kafin nan an manta. Ba uwar da za ta haɗa kumburin gwiwar yau da ciwon wuyan da aka yi tun watan jiya, sai fa wadda aka koya mata. Dalilin darasin nan ke nan.

WANE CIWON MAƘOGWARO NE ABIN TSORO?

Ba kowane ba. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana zuwa da majina da tari da dushewar murya, yakan tafi da kansa. Na ƙwayar nan kamar 2 ko 3 ne cikin 10 na yara 'yan makaranta. Yakan zo farat ɗaya. Yaro ya tashi da zazzaɓi, haɗiyar tuwo ta gagara, ko yawu ma da ƙyar. In ka taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinsa za ka ji kaluluwa, ya kuwa janye don zafi. Ka fita da shi hasken rana, ko ka haska fitilar waya, ka ce ya buɗe baki ya ce "aa". Za ka ga ciki ya yi jawur, tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro sun kumbura, wani lokaci da ɗigon farin ruwa a kansu. Galibi babu tari, babu majina. Waɗansu yara sukan ƙara da ciwon ciki da amai.

Wannan dubawa ba ta mai da uwa likita ba. Ko ma'aikacin lafiya ba ya iya tabbatarwa da ido kaɗai, sai an gwada. Amma a wurin da gwaji ba ya samuwa, kuma cutar tana da yawa, gara a yi wa yaron magani da a zauna jira. Ka'idar ita ce: yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a kai shi ɗakin shan magani cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai wani dalili kuma da ya sa mutanen Kano ba za su ƙara raina ciwon wuya ba. Daga watan Disamba na 2022 zuwa cikin 2023 annobar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya, Jihar Kano ce kuwa ta fi kowace jiha shan wahala. Mashaƙo wata ƙwaya ce dabam, amma ita ma ta maƙogwaro take shigowa, dafinta kuma yana taɓa tsokar zuciya. Alamarta wata fata ce mai ruwan toka da ke lulluɓe maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Wannan ba ta jiran gobe. A tafi babban asibiti a ranar. Rigakafinta yana cikin allurar nan da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14. Uwar da ta cika wa jaririnta waɗannan ta riga ta fara tsare masa zuciya. Ita kuwa ƙwayar sitireptokokas har yanzu ba a kammala samo allurar rigakafinta ba, sai magani.

MAGANI, DA INDA MUKE ƁATA SHI

Maganin tsoho ne, mai araha: penisilin. A 1950 waɗansu likitoci a wani sansanin sojan sama da ke Jihar Wayomin ta Amurka suka nuna cewa in an yi wa masu wannan ciwon maƙogwaro allurar penisilin, zazzaɓin gaɓoɓi ba ya cika biyo baya. Shekara fiye da 70 ke nan, kuma abin mamaki, har yau ƙwayar ba ta koyi jure wa penisilin ba, alhali ƙwayoyi da yawa sun riga sun fi ƙarfin magungunansu. Hanya biyu ce. Ko dai allura ɗaya tak ta benzatin penisilin, wadda ke narkewa a hankali cikin tsoka, ko kuwa ƙwayar penisilin ko amoksisilin ta haɗiya har kwana 10 cur. Ko da an makara, muddin ba a wuce kwana 9 da fara ciwon ba, maganin yana iya tsare zuciya. Bayan kwana ɗaya da fara shi kuma yaro ya daina yaɗa wa 'yan'uwansa.

To, ina matsalar take? A kwana goman nan take. Uba ya je kemis ya ce a haɗa masa na kuɗin da ke aljihunsa. Mai kemis ya ƙirga ƙwaya shida, ya ƙara da farasitamol. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, yaro ya koma wasa, sauran maganin a ajiye wa ƙanensa. Ciwon ya kwanta, amma ƙwayar ba ta mutu duka ba, dakarun jiki kuma suna nan suna huci. Rabin magani a nan kamar rabin shinge ne, akuya za ta bi ta inda aka bari. Saboda haka mu muna ganin allura ɗaya ta fi dacewa da gidan da aka san ba za a iya cika kwana goma ba. Tana da zafi, gaskiya ne, amma an gama ke nan. A kuma sani, Septrin da jar ƙwayar nan mai kai biyu ta tetarasaikilin ba su kawar da wannan ƙwaya daga maƙogwaro yadda ake bukata, ko da yaro ya ji sauƙi. Wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin, akwai wani magani da ma'aikacin lafiya zai ba shi a madadinsa.

Sai maganar wanzami. Wanzami mutum ne mai daraja a cikinmu, shi ne na aski, shi ne na ranar suna. In yaro ya cika ciwon wuya, kakarsa takan ce a kai shi a cire masa belu. Ba don mugunta ta faɗa ba, abin da ta gada ke nan. Amma belu ba shi ne mai laifi ba. Ƙwayar tana ko'ina cikin maƙogwaro, aska ba ta kai gare ta. Maƙogwaron da zai warke da kansa cikin kwana biyar ya warke, sai a ce aikin aska ne. Banda haka akwai hatsarin zubar jini, da ɗaukar ciwon hanta in an yi wa wani aiki da ƙarfen. Abin da ya fi kyau shi ne a jawo wanzaman unguwa cikin wannan koyarwa. Wanzamin da ya buɗe bakin yaro ya ga ja da farin ruwa, ya ce wa uwar, "Wannan na asibiti ne," ya yi babban aiki.

IN ZAZZAƁIN GAƁOƁI YA RIGA YA ZO

Alamarsa ta fari zazzaɓi ne da ciwon manyan gaɓoɓi: gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu, wuyan hannu. Gaɓar ta kumbura, ta yi zafi, yaro ya ƙi takawa. Abin lura shi ne ciwon yana yawo. Yau gwiwar dama, jibi ta saki, ya koma idon sawun hagu. A gidajenmu sai a ce sanyin ƙashi ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko a ce sikila. Sikila dai gwajin jini yana nuna ta, kuma mai ita yakan fara wahala tun yana jariri. Yaron da ya kai shekara tara lafiya lau, sa'an nan ciwon gaɓoɓi mai yawo ya same shi, a tambayi uwarsa, "Ya yi ciwon wuya cikin watan da ya wuce?" Wani abin yaudara kuma, asfirin da 'yan'uwansa suna kwantar da wannan ciwo da sauri ƙwarai. Gaɓoɓi su warke sarai ba tabo. Tabon yana can a zuciya inda ba a gani.

Alama ta biyu ita ce ta fi ruɗa mutane. Bayan wata ɗaya har zuwa shida, yaro, yawanci yarinya, ta fara wani irin motsi ba da sonta ba. Hannu ya fizge, kafaɗa ta ɗaga, fuska ta yamutse. Ta ɗauki kofi ya suɓuce. Rubutunta a makaranta ya lalace, malam ya yi mata bulala don yana tsammani wasa take yi. Ta riƙa kuka ba dalili. In ta yi barci motsin ya tsaya. A gida sai a ce iska ce ta taɓa ta, a shiga neman mai magani. Wannan motsi yakan tafi da kansa bayan makonni ko watanni, saboda haka duk wanda ya yi magani na ƙarshe shi ke karɓar yabo da tukuici. Ba wanda ya saurari ƙirjinta. Alhali yawancin masu wannan motsi zuciyarsu ta taɓu ko za ta taɓu. Kowa yana da 'yancin yi wa ɗansa addu'a yadda ya gaskata, amma a haɗa da kai ta wurin likita.

Alama ta uku ta zuciyar ce kanta. Yaro ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya, ya bar ƙwallo, ya zauna gefe yana kallo. Zuciya na bugawa da sauri ko yana kwance. Ƙafafu su kumbura, da dare ya kasa kwanciya sai an jingina shi. Wanda ya kai nan, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mutumin Tudun Wada bai yi nisa da taimako ba. Ga Asibitin Nassarawa, wanda ake kira na Muhammad Abdullahi Wase, ga na Sir Muhammadu Sanusi a 'Yankaba, ga na Murtala a cikin birni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da likitocin zuciya da na'urar da ake kira eko. Ana ɗora ta kan ƙirji, ba yanka, ba zafi, ta nuna marfin zuciya yana buɗewa yana rufewa. Tana ganin lahanin da kunnen likita bai isa ya ji ba. Na ƙauye ya fara da ɗakin shan magani mafi kusa, ya roƙi takardar turawa.

Kada a ce wannan cutar wata ƙasa ce. A 2007 likitocin Kano uku, Mahmoud Sani da Kamilu Karaye da Musa Borodo, suka buga binciken hotunan zuciya da aka ɗauka a Kano daga 2002 zuwa 2006. Cikin waɗanda aka iske zuciyarsu da matsala, kusan 1 cikin 10 wannan cuta ce, mutum 129. Mata sun fi maza yawa, matsakaicin shekarunsu kuwa 24 ne. Ku dubi wannan lamba da kyau. Shekarun aure ne da haihuwa da noma. Wani babban bincike da aka buga a 2015, wanda ya haɗa majiyyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da Indiya da Yaman, ya iske kusan rabinsu ba su samun maganin kariyar da za mu bayyana yanzu. Da aka bi sawunsu shekara biyu, kusan 17 cikin 100 sun rasu. A duniya duka, lissafin 2019 ya nuna mutum fiye da miliyan 40 ke ɗauke da cutar, tana kuma kashe wajen 300,000 a shekara.

ALLURAR WATA-WATA

Nan ne zuciyar darasin, a saurara da kyau. Zuwan zazzaɓin gaɓoɓi na fari ba kasafai yake gama da zuciya ba. Dawowarsa ce ke kisa. Yaron da ya taɓa yi, jikinsa ya riga ya koyi kuskuren. Duk sa'ad da ƙwayar ta sake shiga maƙogwaronsa, ko da bai ji ciwo ba, dakarun nan za su sake far wa marfin. Tabo kan tabo, har marfin ya ƙanƙance ya hana jini wucewa, ko ya saki ya riƙa yoyo. Saboda haka ba a jira ya yi ciwon wuya. Ana sa penisilin ya zauna cikin jininsa kullum, ta wurin allurar benzatin penisilin kowane mako 4, waɗansu ma kowane mako 3 in likita ya ga haka. Babban yaro ana ba shi cikakken awo, wanda aka rubuta miliyan 1.2 a jikin kwalba, ƙarami kuwa rabin haka, bisa ga nauyinsa.

Har yaushe? Da daɗewa. Wanda zuciyarsa ba ta taɓu ba, aƙalla shekara 5, ko har ya kai wajen shekara 21, duk wanda ya fi tsawo. Wanda ta taɓu, shekara 10 ko fiye. Mai babban lahani yana iya kaiwa shekara 40 yana karɓa, wani ma muddin rai. Likita ne kaɗai zai ce a tsaya.

Tana aiki kuwa? An gwada a maƙwabtanmu na Afirka. A yankin Gulu na arewacin Yuganda aka duba 'yan makaranta da na'urar eko, aka ware kamar 800 waɗanda cutar ta fara taɓa zuciyarsu ba su sani ba. Aka raba su biyu, rabi ana yi musu allura kowane mako 4, rabi ana lura da su kawai. Bayan shekara biyu, cikin masu allura yara 3 ne ciwonsu ya ƙaru. Cikin marasa allura kuwa 33. An bayyana wannan sakamako a ƙarshen 2021. Kafin wannan, a lardin Pinar del Riyo na ƙasar Kyuba, daga 1986 zuwa 1996, an koya wa iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya, aka buɗe littafin sunayen masu cutar, aka tabbatar da allura ba ta yankewa. Cikin shekara goma cutar ta ragu da wajen kashi 9 cikin 10 a tsakanin 'yan makaranta. Ba sabon magani suka samo ba. Littafi ne da naci.

Allurar tana da kauri, tana da zafi, ba za mu ɓoye ba. Yaro ɗan shekara goma da ya san abin da ke jiransa zai ɓuya a bayan rumbu. Akwai dabaru. A ɗumama kwalbar cikin tafin hannu, a tura maganin sannu-sannu, ma'aikacin lafiya kuma yana iya haɗa shi da ɗan maganin kashe zafi. Yaro ya ci abinci ya sha ruwa kafin a yi masa, a yi masa yana kwance, ya zauna a wurin rabin sa'a kafin ya tafi. A tsoka ake yinta, ba a jijiya ba ko kaɗan. Kada a yarda mai yawo da jakar allura ya yi ta a gida. A yi ta inda akwai maganin gaggawa, gama jikin waɗansu, ko da yake ba su da yawa, yakan ƙi penisilin nan take. Wanda kuma zuciyarsa ta riga ta yi rauni ƙwarai, likita yana iya mai da shi kan ƙwayar haɗiya ta kullum maimakon allura.

Mako huɗu ba wata ɗaya ba ne, kwana 28 ne. Wanda ya ce "sai an ga wata" ko "sai an yi albashi" zai riƙa barin 'yan kwanaki ba kariya, ƙwayar kuwa ba ta bukatar fiye da haka. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗaura allurar da ranar kasuwa. Mai cin kasuwar Wudil ya san Juma'a, sai ya ce kowace Juma'a ta huɗu. A rubuta a kati, a ajiye katin inda ake ajiye takardun gona.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ƙaura. Yaro ya gama firamare a ƙauye aka aiko shi Tudun Wada koyon kanikanci wurin kawunsa, ba wanda ya gaya wa kawun. Almajiri ya bi malaminsa wani gari. Yarinya kuwa aka yi mata aure, iyaye suka ɓoye zancen don kada dangin miji su ce an ba su marar lafiya. Wannan ɓoyo ya jawo makoki a gidaje da yawa. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, marfin da ya ƙanƙance kuwa ba ya iya ɗaukar wannan kaya. Sau da yawa a wata na shida ko na bakwai, ko wajen haihuwa, ake fara gane cutar da ta kwana tun tana aji huɗu. Yarinyar da ke kan allura, a gaya wa mijin tun kafin a ɗaura. Ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki, ta yi awo tun da wuri, ta haihu a babban asibiti. Allurar ba ta cutar da ɗan da ke ciki, kada a dakatar da ita.

Mai wannan lahani ya kula da haƙoransa kuma, da asuwaki ko buroshi safe da dare, domin ƙwayoyin ruɓaɓɓen haƙori sukan bi jini su sauka kan marfin da ya ji rauni. In za a cire masa haƙori ya faɗa wa mai cirewa tun da fari.

Wani zai ce, ai in ta lalace sai a yi aiki. Ana yi. Tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, wuraren yinsa kaɗan ne, masu jira kuwa da yawa. Wanda aka sa wa marfin ƙarfe kuma zai sha maganin tsinka jini muddin ransa, da gwajin jini a kai a kai. A gwada wannan da kuɗin kwalbar penisilin goma sha uku a shekara.

ABIN DA KE HANNUNMU

A ƙasashen Turai wannan cuta ta cika asibitocin yara shekara 100 da suka wuce. Ta fara ja da baya tun kafin penisilin ya yaɗu, sa'ad da mutane suka sami gidaje masu fili da ruwa mai tsabta. Ba za mu iya faɗaɗa ɗakunan Tudun Wada da darasi ɗaya ba. Amma ana iya buɗe taga da rana ko da hunturu, a shanya tabarma da bargo. Mai ciwon wuya ya kwana gefe, da kofinsa dabam, har ya kwana ɗaya kan magani. A yi maganin ƙazuwa da ƙuraje da wuri, dukan 'yan ɗaki tare, da sabulu da wanki. Mai ginin sabon ɗaki a ƙauye ya sa taga biyu masu fuskantar juna.

A watan Mayu na 2018 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su tashi wa wannan cuta, a 2024 kuma hukumar ta fitar da jagora kan rigakafinta da gano ta. Takarda dai ba ta san sunan ɗan kowa ba. Mu muka sani. Ƙungiyar mata ko kwamitin lafiya na unguwa su sayi littafi mai arba'in, su ba mutum ɗaya mai riƙon amana. Da yardar iyaye, a rubuta kowane yaro da likita ya ɗora kan allura, da ranar da zai koma. In ranar ta wuce da kwana biyu, a taka zuwa gidan. A riƙa tambayar ɗakin shan magani ko akwai allurar kafin ranar ta zo, gama takan yanke a kasuwa. In ƙungiya tana da asusu, a ware kuɗin mota da na kwalba ɗaya ko biyu.

DON TATTAUNAWA

Wane suna ake kiran ciwon gaɓoɓi mai yawo a garinku, wa kuma ake fara kai wa yaro?

In kaka ta ce a kira wanzami, uwa kuwa tana so a je asibiti, yaya uwar za ta yi magana ba tare da ta raina surukarta ba? Mutum biyu su tashi su gwada a gaban jama'a.

Kafin taro na gaba, mutum biyu su je ɗakin shan magani mafi kusa su tambayo ko akwai benzatin penisilin, nawa ne kuɗinta, wace rana kuma ake yinta. Su kawo amsa a rubuce.